Baba Ya Hau Kara Don Ya Ga Dawa

Mahaifina ya shekara talatin da ɗoriya a Makka bai ga dawa a tsaye ba. Ya gan ta a buhu, ya gan ta a turmi, ya ci tuwonta, amma a gona, da kanta da ganyenta, rabonsa da ita tun a Sudan. Manomi ne daga ƙasar Kano. Ya taho aikin Hajji da ƙafa, yana noma a hanya yana ƙara gaba, ya iso, ya sauke farali, ya yi aure, aka haife ni, bai koma ba. A nan ya zama mai ɗaukar ruwa. Makka kuwa dutse ne da rana, ba a noma.

Bayan yaƙin duniya da 'yan shekaru idonsa ya fara yin yana. Na kai shi wurin wani mai duba ido. Mutumin ya buɗe fatar idon da yatsa, ya leƙa, ya ce farin ruwa ne, ya cinye na hagu, ya kama na dama. Baba ya tambaye shi yadda abin ke ƙarewa. Ya ce, "Wata safiya za ka farka ka ga fari kawai, ya Hajji. Shi ke nan."

Na dawo da Baba Rusaifa, inda muke zaune, lokacin duk bukkoki ne na kara da gwangwani. A bakin ƙofa ya tsaya ya ce, "An ce a Hada suna shuka dawa."

Na ce haka masu kawo rumman ke faɗa.

Ya ce, "To, ka kai ni in gani tun da sauran na dama."

Hada tana can ƙolin dutsen Kara, a tsohuwar hanyar Ɗa'ifa. A wancan zamani mota ba ta hawansa, sai ta zagaya ta wata hanya mai nisa. Kara na mai ƙafa ne da jaki da alfadari. Ni ban taɓa wuce Arfa ba a rayuwata, saboda haka da na ji maganar sai murna ta kama ni kamar wanda aka yi wa albishir. Amma ban nuna ba. Na ce zan tsara.

Ina aiki a lokacin gidan wani mai kula da alhazai, ni ke riƙe da ɗakin ajiyar tantuna. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne da ɗan rubutu, amma na iya jera abu bayan abu, kuma ba na son a ɓata mini jeri. Maigidana ya ba ni kwana bakwai. Na sami takarda na rubuta. Rana ta ɗaya, Arfa. Ta biyu, gindin dutse. Ta uku, hawa. Ta huɗu, bayan karin kumallo, ganin dawa. Ta biyar, ta shida da ta bakwai, komowa. A bayan takardar na rubuta kaya: salka biyu, gurasa, dabino, shayi, sukari, gwado uku, sanda uku. Baba ya kawo wata tsohuwar fartanya da ya taho da ita tun daga gida, ya ajiye a kan kayan. Na ɗauke na mayar ɗaki. Na ce ba ta cikin takarda, kuma ƙarfe nauyi ne.

Na ukunmu aminin Baba ne, Bazazzagi, mai tsire a bakin kasuwa. Baffa nake ce masa. Ba wanda ya gayyace shi. Ya ji labari tun kafin in rubuta takardar, ya zo da sandarsa ya ce ba zai bar Bakano ya hau dutse shi kaɗai ba, kada ya je ya sayar wa Larabawa dutsensu. Baba ya ce gara haka, ko ba komai in birai sun tare hanya akwai mai yi musu tafinta. Ni kuwa Baffa bai taɓa kirana da sunana ba. Shawishi yake ce mini, wato saje da Larabci, wai ina tafiya kamar mai kula da fareti.

Rana ta ɗaya muka fita bayan sallar Asuba. Muka ratsa gari, muka bi ta unguwar Shisha, muka shiga Mina. A nan na fara ganin abin da ban sani ba. Ni Mina na san ta da tantuna da hayaƙi da mutum a kan mutum, ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Ran nan babu kowa. Kwari ne fayau, sai awaki uku a inda nake kafa tantin maigidana. Baffa ya yi kiran sunan Allah da ƙarfi, dutse ya mayar masa. Ya sake, ya sake mayarwa. Sai da na ce masa rana na yi.

Da la'asar muka sauka a gahawa ta farko, a gefen Arfa. Gahawar hanya ba wani gini ba ce. Rumfa ce ta ganyen dabino, da gadajen igiya dogaye a jere, da randa, da murhu. Ka zauna a gado ka sha shayi, in ka ga dama ka miƙe a kansa ka kwana. Na duba ƙafafun tsofaffin biyu ɗaya bayan ɗaya, na shafa musu mai, na ja layi a kan rana ta ɗaya.

Rana ta biyu muka shiga kwarin Na'aman. Yashi ne da ƙaya, tafiyar ba daɗi, amma duwatsun da kullum nake hangowa shuɗaye daga Arfa suka yi ta matsowa suna canja launi. Tun da hantsi Kara ya tsaya a gabanmu kamar bango. Na yi ta neman inda hanya za ta bi a jikinsa ban gani ba. Baba ya ɗaga kai ya rufe idon hagu da tafi.

"Ina ganinsa," in ji shi. "Baƙi ne, sama da shi fari."

"Wannan rawanina ne kake kallo," in ji Baffa.

"Rawaninka bai taɓa fari ba tun da na san ka."

Muka kwana a gahawar gindin dutse tare da masu alfadarai da suka sauko da kwandunan rumman da inabi. Ɗayansu ya dubi gwadunanmu ya yi dariya, ya ce da waɗannan za mu hau? Na ce mu mutanen Makka ne, zafi muka sani, in akwai sanyi a sama to maraba da shi. Ya ce za mu yi masa maraba da haƙora.

Rana ta uku ita ce hawa, kuma har yau in na tuna ta ƙafafuna sai su yi mini ƙaiƙayi. Hanyar an shimfiɗe ta da duwatsu tun zamanin da, kamar matakala, tana lanƙwasa dama da hagu. Na tsara tafiyar haka: ni a gaba, Baba a tsakiya riƙe da ƙarshen sandata, Baffa a baya. Kowace lanƙwasa goma a tsaya a sha ruwa makwarwa uku. Baffa ya ce ko a gidan yari ana barin mutum ya sha huɗu. Na ce a gidan yari ba a hawan dutse.

Muna hawa iska na sauyawa. Da farko zafin ya ragu. Daga nan gumi ya bushe. Can sai na ji wani abu mai sanyi ya shiga ta wuyan rigata, na juya ina neman wanda ya watsa mini ruwa, ashe iska ce. Itatuwa suka fara fitowa daga tsagar dutse, masu ƙanshi, kore shar. Na waiwaya ƙasa na ga kwarin da muka wuni muna ratsawa ya zama kamar farin zare. Ni da ba na ihu, ran nan na yi.

Birai kuwa sun tare hanya, irin manyan nan masu gashi a kafaɗa. Suka zauna a kan duwatsu suna kallonmu. Baba ya ce, "Bismilla, Bazazzagi, gai da dangi." Baffa ya cire hula ya rusuna ya gaishe su da Hausa, ya tambaye su gida da iyali. Babban cikinsu ya yi hamma ya juya mana baya.

Da azahar muka kai wata bukkar dutse a tsakiyar hawan. Ba mai tsaro. Ɗaki ne ɗaya, ƙofa gajeriya, a ciki randa cike da ruwa, a kusurwa itace a ɗaure, da dutsen ƙyastu da ƙarfen kunna wuta a wani rami a bango. Masu alfadarai sun riga sun gaya mini ƙa'idar wurin: ka sha, ka dafa, amma kafin ka tafi ka cika randar daga idon ruwan da ke bayan bukkar, ka mayar da itace gwargwadon wanda ka ƙona. Ba mai ganinka. Wannan abu ya burge ni fiye da dutsen kansa. Na cika randar har baki, na ɗauro itace, na share ɗakin ma da reshe, wanda ba ya cikin ƙa'ida. Baffa ya ce a bar Shawishi a nan kawai, ya sami garinsu.

Muka kai ƙoli rana ta yi ja amma ba ta faɗi ba. Gahawar sama ginin dutse ce mai rufin itace, a bakin gaɓa. Mai ita wani Balarabe ne siriri mai jan gemu. Ya ga tsofaffi biyu suna haki ya fito da gudu ya karɓi kayansu. Baba bai ko zauna ba ya tambaye shi da Larabcinsa na mai ɗaukar ruwa ina gonar dawa.

"Ga ta nan bayan wancan tudu, kawu," in ji mutumin. "Ta ɗan'uwana ce. Ta fitar da kai, saura kaɗan a yanke."

Baba ya juyo gare ni. "Mu je."

Na ce a'a.

"Da sauran rana."

Na ce ganin dawa rana ta huɗu ne, bayan karin kumallo. Yanzu lokacin wanke ƙafa ne, da salla, da abinci. Ya gaji, idonsa ba ya aiki sosai da yamma, gobe da hantsi zai gani da kyau. Dalilaina duk masu kyau ne. Amma gaskiyar ita ce takarda ta ce huɗu, mu kuwa muna cikin uku.

Baffa ya ce, "Haba Shawishi, tudu ɗaya ne fa."

Na ce tudun ba zai gudu ba.

Baba ya dube ni da idonsa ɗaya. Ya zauna ya miƙa mini ƙafa na wanke.

Sanyin da aka yi mana alkawari ya zo. Mai gahawa ya tausaya ya ƙara mana barguna na gashin tumaki, muka yi Asuba a cikin ɗaki muka sake ƙudundunewa. Da gari ya waye na tashi na hura wuta na ɗora shayi, bayana ga ƙofa. Gadon Baba shi ke fuskantar ƙofar, mai gahawa kuma ya buɗe ta ya fita wurin awakinsa. Na zuba shayi na kai wa Baba. Na same shi zaune, fuskarsa ga waje, hannuwansa a kan gwiwa.

Na ce, "Baba, ga shayi. In ka sha sai mu tafi."

Ya ce, "Ba inda za ni."

Na ɗauka fushin jiya ne. Na ce ya yi haƙuri, yau ce ranar.

Ya ce, a hankali, "Ta zo. Safiyar da mai duba ido ya faɗa. Na buɗe ido na dubi waje, fari kawai. Ba dutse, ba itace, ba sama." Ya lalubo hannuna. "Ba laifinka ba ne. Ku je kai da Bazazzagi ku gano mini. Ka duba tsawonta, ka duba ko ja ce ko fara, ka zo ka gaya mini a jere yadda ka iya."

Jiya da rana a sama, da tudu ɗaya tsakaninsa da abin da ya hau dutse dominsa, ni na hana shi. Na ajiye shayin na nufi ƙofa don kada ya ji numfashina.

Na fita, sai na tsaya cik. Fari kawai. Ba dutse, ba itace, ba sama. Na miƙa hannu, da ƙyar nake ganin yatsuna. Na murza ido na sake dubawa. Ni haifaffen Makka ne, gajimare na san shi a can sama, abin da ake nunawa da yatsa. Ban taɓa jin cewa yana saukowa ya zauna a ƙofar mutane ba. Na koma ciki da baya da baya.

Na ce, "Baba, ni ma ba na gani."

Ya ce, "Inna lillahi! Kai ma?"

Baffa ya yaye bargo ya leƙa ƙofa ya yi salati. "Mu uku! Wallahi ruwan bukkar nan ne. Na ce kada a sha, Shawishi ya ce makwarwa uku!"

"Ba ka ce ba," in ji Baba.

"Na ce a zuciyata!"

Ana haka mai gahawa ya shigo da ƙwaryar nono, gemunsa na ɗigar ruwa. Ya ga mutum uku sun yi tsuru tsuru. Na gaya masa abin da ya same mu. Ya ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta zube, sannan ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Ya ce gajimare ne. Yakan taso daga kwari ya kwanta a kan Hada, kowa a nan ya san shi. Ya kama hannun Baba ya kai shi gaban murhu ya ce, "Me kake gani, dattijo?"

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wuta. Da buta. Da wani mummunan abu a gefe."

"Ni ne," in ji Baffa.

"To idona lafiya."

Dariyar da muka yi a ɗakin nan ban taɓa yin irinta ba. Baba ya shanye shayinsa ya nemi ƙari. Amma da muka natsu na tambayi mai gahawa yaushe gajimaren ke tashi. Ya buɗe hannu. Ya ce wani lokaci kafin azahar, wani lokaci kwana uku. Na ce ko za mu lallaba mu je a haka. Ya ce ba zai bari ba, hanyar tana bin bakin gaɓa, ko akuya ba ta son ta a irin wannan rana. Baba ma ya ce bai hau Kara don ya shafa dawa ba, ya shafa ta a buhu shekara talatin. Gona yake so ya gani, daga wannan gefe zuwa wancan.

Muka wuni a ciki. Azahar ta wuce, La'asar ta wuce, farin nan bai motsa ba. Baffa ya karɓi murhu ya gasa wa mai gahawa naman ɗan akuya da yajin da ya ɓoyo a aljihu, mutumin ya ci yana sharar hawaye yana neman ƙari. Ni kuwa takarda nake fitarwa ina mayarwa. Gobe rana ta biyar, ranar sauka. In ba mu sauka ba, kwana bakwai sun karye, kuma ni ban taɓa cewa zan dawo ran kaza in wuce ba.

Washegari na riga kowa leƙa ƙofa. Fari. Na dawo na tarar Baba ya naɗe gwadonsa ya ɗaure, sandarsa a hannu.

Ya ce, "Yau biyar. Na san takardarka. Mu sauka, kada maigidanka ya ga kamar ba ka da alkawari."

Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na karɓi gwadon na kwance na shimfiɗa a kan gado. Na ce, "Yau huɗu."

"Jiya ce huɗu."

"Huɗu ita ce ranar ganin dawa. Ba a ga dawa ba, saboda haka ba ta wuce ba."

Baffa ya ce, "Allahu akbar! Shawishi ya tsayar da rana!"

Muka zauna. Wajen hantsi iska ta taso daga gabas. Mai gahawa ya leƙa ya ce mu ɗaura takalma. Farin ya fara yagewa kamar tsohon gwado, ta nan ka ga dutse, ta can ka ga shuɗin sama, ya sake rufewa, ya sake buɗewa. Ban tsaya jera kowa ba. Na kama hannun Baba muka bi mai gahawa, Baffa na baya yana kiran a jira shi. Muka zagaya tudun. Rana ta fito gaba ɗaya.

Gonar tana ƙasa da mu, hawa hawa a jikin dutse, kowane hawa da katangarsa. Dawa ce ja, ta fi mutum tsawo, kawunanta sun sunkuya, ganyen na sheƙi da ruwa. Ni a ranar na fara ganin abin da nake ci tun ina yaro yana tsaye da ransa. Baba ya saki hannuna. Ya rufe idon hagu da tafi. Ya fara daga dama, yana juya kai a hankali, hawa bayan hawa, har ya kai ƙarshen hagu. Ya sake dawowa.

Can ya ce, "Sun cika ta da yawa. Ba a yi mata huɗa ba. Dubi ciyawa a gindinta."

Ya sa hannu cikin riga ta baya ya zaro fartanyar nan da na mayar ɗaki. Kwana biyar tana ɗaure a ƙugunsa, ya hau Kara da ita. Ya sauka cikin hawan farko ya sunkuya ya fara sara. Mai gonar ya taho da sauri yana tambayar abin da tsohon nan ke yi masa a gona, dawar da saura kwana kaɗan a yanke ba ta bukatar noma. Ɗan'uwansa ya ce ya ƙyale shi. Baba ya nome layi ɗaya daga katanga zuwa katanga, ya miƙe yana haki, ƙasa har gwiwar hannu.

Ya ce, "To, Shawishi. Ja layinka."

Shi bai taɓa kirana da wannan suna ba sai ran nan.

Muka komo Makka a rana ta takwas. Na je wurin maigidana na gaya masa abin da ya faru daga farko har ƙarshe, ban rage ba. Ya ce in koma bakin aikina. Idon Baba na dama ya rufe kafin Hajjin da ya biyo baya. Ya rayu shekaru bayan haka, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji labarin gonar Hada, hawa nawa ce, da yadda Larabawa ba su iya huɗa ba. Takardar tana nan a akwatina. Rana ta huɗu a rubuce take sau biyu, ta farkon ba layi a kanta.